Musa ɗan Maimun, Malamin Yahudawa na Masar

Ya kai mai karatu, ko da idonka ka ke bin takardan nan, ko wani ne ke karanta maka ita a gindin itace, sunan Yahudawa ba baƙo ba ne a kunnenka, gama da ƙyar za ka buɗe Littafi Mai Tsarki ba ka iske shi ba. Amma mutane da yawa a ƙauyukanmu na ƙasar Funtuwa da Malumfashi suna tsammani labarin Yahudawa ya ƙare inda Littafin ya ƙare. Ba haka ba ne. A shekara ta 70 Romawa suka rushe Haikali na Urushalima, jama'ar ta ƙara watsuwa cikin duniya, ba sarki, ba bagadi, ba hadaya. Abin da ya rage a hannunsu shi ne Attaura da dokokinta, da su kuwa suka riƙe junansu. Waɗansu sun zo har Tuwat, a kan hanyar ayarin da ke ratsa hamada zuwa ƙasar baƙar fata, suka daɗe can zaune, har shekara ta 1492 da aka rushe majami'arsu ta Tamantit bisa ga fatawar Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. To, ga labarin mutum ɗaya daga cikin jama'ar nan, wanda ya riƙe umarnin Allah cikin gudun hijira, da makoki, da yawan aiki, a tsakiyar mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba.

Sunansa Musa ɗan Maimun. Turawa suna ce da shi Maimonides, mutanensa kuwa sun taƙaita sunan, suna cewa Rambam. An haife shi a birnin Kurɗuba, cikin Andalus, watau kudancin ƙasar Sifen, a shekara ta 1138, wajen shekara 200 ke nan kafin Wangarawa su iso Kano a zamanin Sarki Yaji. Musulmi ke mulkin Andalus a lokacin nan, Yahudawa da Nasara kuwa suna zaune ƙarƙashinsu bisa amana, suna biyan jizya, kowa yana bin addininsa. Ubansa Maimun alƙali ne na jama'ar Yahudawa, shi ne kuma malaminsa na fari. Yaron ya koyi Attaura da Ibrananci, ya koyi Talmud, watau babban littafin da ke ƙunshe da bayanin malamansu na dā a kan dokoki, Larabci kuwa harshen gidansu ne. Daga baya ya ƙara da lissafi, da sanin tafiyar taurari, da ilimin magani.

Ya kamata ka san irin gidan da ya tashi a ciki, domin ka gane abin da ake nufi da rayuwa bisa umarni. A gidan Bayahude mai ibada, ran da yaro ya kwana takwas a kan yi masa kaciya. Safe da dare a kan karanta kalmomin nan na Kubawar Shari'a masu shaida Allah ɗaya ne. Addu'a sau uku ce kowace rana. A madogarar ƙofa a kan kafa 'yar takarda mai ɗauke da kalmomin, domin mai shiga da mai fita su tuna da Wanda ke da gidan. Ba a cin alade, ba a cin jini, ba a gama nama da nono a tukunya ɗaya. Ran Jumma'a da faɗuwar rana a kan ajiye aiki duka, ba saye, ba sayarwa, ba hura wuta, har taurari su fito daren Asabar. Bawa ya huta, jaki ma ya huta. Ka ga ashe ibadarsu ba ta tsaya a majami'a kaɗai ba, ta bi mutum har murhu da kasuwa da gona.

Musa yana da shekara 10, a 1148, sai waɗansu mayaƙa daga Magariba da ake kira Muwahhidawa suka ci Kurɗuba. Waɗannan suka ta da amanar da sarakunan Musulmi suka saba ba Yahudawa da Nasara. Suka ce kowa ya zaɓa: ko ya bar addininsa, ko ya bar ƙasa, ko ya bar duniya. Kada ka ɗora wannan a kan Musulmi duka, gama tsananinsu ya taɓa nasu ma. Babban malamin nan Ibn Rushd, wanda shi ma haifaffen Kurɗuba ne, sai da suka kore shi daga fada a ƙarshen ransa. Maimun ya kwashi iyalinsa, suka yi ta yawo gari gari shekaru da dama, kāna wajen 1160 suka ƙetare teku suka sauka Fas. Can ma ikon Muwahhidawa ne, amma babban gari ya fi rufin asiri. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne Musa, yana da shekara 23, ya soma rubuta sharhinsa a kan Mishna, littafin da ya tara dokokin da Yahudawa suka gāda baki da baki. Wani sashi ya rubuta shi bisa hanya, ba littattafan dubawa kusa da shi, sai abin da ke kansa.

A Fas ne wata matsala ta taso wadda ta nuna irin zuciyarsa. Yahudawa da yawa, don tsoron takobi, sun furta da baki sun bar addininsu, amma a cikin gida suna addu'a suna kiyaye Asabar a ɓoye. Wani malami da ke zaune nesa, inda ba abin da ya dame shi, ya aiko da hukunci cewa waɗannan duka sun fita daga Isra'ila, addu'arsu ma zunubi ce. Mutane suka karai, waɗansu suka ce in haka ne gara su saki kome. Musa ya rubuta musu wasiƙa. Ya girmama waɗanda suka ba da ransu, bai kuwa ce musun baki abu mai kyau ne ba. Amma ya ce wanda aka tilasta ba daidai ya ke da wanda ya juya baya don son ransa ba, kowane umarni kuma da mutum ya kiyaye cikin tsoro, Allah yana ganinsa, ladansa ma ya fi. Sa'an nan ya ɗora musu abu mai nauyi: kada su miƙe ƙafa a ƙasar da ba su da ikon bauta wa Allah a fili, su bar gida da dukiya su tafi inda za su iya. Ni dai a ganina, maganar mai jin zafi a jikinsa ta fi ta mai hange daga tudu. Bitrus ma ya yi musu sau uku, ba a kuwa rufe masa ƙofa ba.

Abin da ya gaya wa waɗansu, shi ya yi. A 1165 aka kashe wani babban malamin Yahudawa na Fas, Yahuda ɗan Susan, domin ya ƙi barin addininsa. Maimun da 'ya'yansa suka shiga jirgin ruwa suka nufi gabas. A cikin labarin da ake danganta wa Musa, kwana shida da tashinsu hadiri ya taso musu har suka fid da rai, shi kuwa ya yi wa'adi zai riƙa azumi kowace shekara a ranar tashinsu da ranar hadirin, ya ba da sadaka gwargwadon ikonsa. Bayan wajen wata guda suka sauka Akka. Suka ziyarci Urushalima, suka je Hebron inda kabarin Ibrahim ya ke. Amma ƙasar tana hannun mayaƙan Turawa masu ɗauke da alamar gicciye, Yahudawan da suka rage kuwa kaɗan ne, matalauta. Saboda haka suka gangara Masar, suka zauna Fustat, tsohon gari da ke kusa da Alƙahira. Ba a daɗe ba uban ya rasu.

Yanzu gida ya koma hannun 'yan'uwa biyu. Dawuda, ƙanen Musa, shi ke fatauci na duwatsu masu daraja, da ribarsa ake ci. Musa kuwa yana karatu da rubutu da yi wa jama'a shari'a. Bai yarda ya karɓi ko anini don koyar da Attaura ba. Ya ce maganar Allah ba fartanya ba ce da za a yi noman abinci da ita, manyan malamai na dā ma masu faskare ne da masu ɗiban ruwa. Malamai da yawa sun ji haushin wannan magana, gama ta taɓa tuwonsu. A 1168 ya gama sharhin Mishna, yana da shekara 30. Da Larabci ya rubuta shi, amma da baƙaƙen Ibrananci, kamar yadda ake rubuta Hausa da ajami. A ciki ne ya jera ginshiƙai 13 na bangaskiyar Yahudawa, waɗanda ake karantawa a majami'u har wa yau: akwai Mahalicci, shi ɗaya ne, ba shi da jiki, shi kaɗai ake wa sujada, ya san ayyukan mutane, zai sāka wa kowa, matattu kuma za su tashi. A shekaran nan ne kuma Amalrik, sarkin Turawa na Urushalima, ya fāɗa wa garin Bilbais na Masar ya kwashi bayi, da Yahudawa a ciki. Musa ya aika da takardu gari gari ana tara kuɗin fansa. Takardar shaidar karɓar kuɗi da ya sa wa hannu tana nan har yanzu.

Sa'an nan masifa ta zo wadda ta fi hijira zafi. Dawuda ya bi ayari ya ratsa hamada zuwa Aizab, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya. Daga can ya rubuto wa wansa wasiƙa, ya ce ya iske kasuwa ba kaya, ba abin saye sai baba, irin wanda marina ke rini da shi, don haka ya ƙudura zai shiga jirgi zuwa Indiya. Ya roƙe shi ya kwantar da hankalin mutanen gida. A hanyar Indiya jirgi ya nutse da shi, da dukiyarsa, da ta Musa, da ta waɗansu mutane da suka ba shi amana. Ya bar mata da 'yar ƙaramar yarinya. Da labari ya iso, Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda, da zazzaɓi, da marurai, da baƙin ciki, har aka yi zaton ba zai tashi ba. Bayan shekara takwas ya rubuta wa wani abokinsa alƙali a Akka, ya ce har yanzu bai ta'azantu ba. A gwiwarsa yaron ya girma, ƙanensa ne, almajirinsa ne kuma, duk sa'ad da ya ga rubutun hannunsa sai zuciyarsa ta juya.

Ka lura da wannan, ɗan'uwa, gama akwai masu zuwa su tambayi hanyar Allah suna tsammani mai binta ba ya binne ɗa, fari ba ya taɓa gonarsa. Ga mutum wanda bai bar umarni ko ɗaya da gangan ba, ga shi kwance shekara guda. Bai ɓoye hawayensa don kunyar mutane ba, bai kuma tafi wurin mai duba ya tambaya wa ya jefe shi ba. Da ya tashi, ga gwauruwa da marainiya a wuyansa, ga bashi. Hanya mai sauƙi tana nan, ya sa jama'a su yanka masa albashin malanta, da murna kuwa za su yi. Ya ƙi. Ya ɗauki aikin likita, da shi ya ci da gida har mutuwarsa. Sunansa ya kai kunnen Alƙali Fadil, wazirin Sarki Salahuddini, ya sa shi cikin likitocin fada; daga baya ya yi wa Afdal ɗan Salahuddini aiki. Ka ga sarakunan Musulmi ne suka kore shi a yamma, sarakunan Musulmi ne kuma suka ɗaukaka shi a gabas.

Cikin shekarun nan ne ya yi babban aikinsa. Malamai na dā sun ce dokokin Attaura 613 ne, 248 na abin da za a yi, 365 na abin da za a bari, amma ba su daidaita a kan lissafinsu ba. Musa ya zauna ya ƙidaya su ɗaya ɗaya. Kāna ya yi shekara 10 yana tattara dukan shari'ar Yahudawa daga inda ta warwatsu, ya shirya ta littafi 14 da Ibrananci mai sauƙi, ya sa masa suna Mishne Tora, ya gama wajen 1180. Nufinsa shi ne talaka wanda ba shi da sukunin ninƙaya cikin kogin Talmud ya buɗe wuri ɗaya ya ga abin da zai yi. Wajen 1190 kuma ya rubuta wani da Larabci, Dalalatul Ha'irin, watau jagora ga waɗanda suka ruɗe. A ciki ya ce ba umarni ko ɗaya da Allah ya bayar a banza, ko don ya nauyaya wa mutum. Kowanne yana gyara ɗaya daga cikin abu biyu, ko tunanin mutum game da Allah, ko zaman mutane da junansu.

Bari mu shiga gona tare da shi, gama nan ne maganarsa za ta fi kama ka. Attaura ta hana mai gona ya girbe ta ƙaf. Sai ya bar gefe domin matalauci da baƙo. Musa ya rubuta cewa malamai sun sa iyaka, kada abin da aka bari ya kasa kashi ɗaya cikin 60, in kuwa gona ƙarama ce ƙwarai ko matalauta sun yi yawa, a ƙara. Ka auna da naka: in dawarka ta ba da dami 60, ɗaya ba naka ba ne tun yana tsaye. Zangarniyar da ta fāɗi daga hannun mai yanka, ta masu kala ce. Damin da aka manta a gona, ba a komawa a ɗauko. Mai gona kuma ba shi da iko ya zaɓi wanda zai ba, ya ce wannan ɗan'uwana ne, wancan ba ya gaishe ni. Ya ƙara da cewa matalauta waɗanda ba Yahudawa ba, kada a hana su, a dubo marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, domin zaman lafiya. Ɗan ƙodago kuwa a biya shi a kan lokacinsa, kada ladansa ya kwana a aljihunka, gama ransa yana rataye a kansa. Ya yabi malamai na dā da su kan ba dabbobinsu da barorinsu abinci kafin su kai loma bakinsu. A kan awo ya tsananta ƙwarai: ya ce ko ajiye mudun da bai cika ba a cikin gida haram ne, ko da don fitsari za a yi amfani da shi, kada wata rana wani ya auna da shi. Dalili kuwa, mai tauye mudu ya cuci mutane da ba ya iya ƙidayawa, in ya so tuba ma bai san wa zai mayar wa ba. Mai yayyafa wa auduga ruwa, ko mai cusa tsakuwa cikin buhu kafin a hau sikeli, ya ji wannan.

Abin da aka fi tunawa da shi a duniya duka shi ne matakai takwas da ya jera na sadaka. Na ƙasa duka, mai bayarwa da ɗaurin fuska. Wanda ya ba da kaɗan da fara'a ya fi shi. Wanda ya bayar tun ba a roƙa ba ya fi wanda ya jira roƙo, gama roƙo yana da ɗaci a bakin mai mutunci. Daga nan sai matakan rufin asiri: akwai malamai da su kan ƙulle kuɗi a gefen mayafi su wurga bayansu, don kada su ga fuskar mai ɗauka, akwai waɗanda su kan bi a ɓoye su jefa ta ƙofar matalauci, shi bai san daga ina ba, wanda ya fi waɗannan, inda mai bayarwa da mai karɓa ba wanda ya san wani. Amma na bisa duka, in ji shi, shi ne ka kama hannun wanda ya soma zamewa tun bai fāɗi ba, da kyauta, ko rance, ko ka gama jari da shi, ko ka samo masa aiki, har ya tsaya da ƙafarsa ba ya bukatar kowa. A wurinmu wannan shi ne ka ba maƙwabci iri da shuka, ka ara masa garmar shanu ya yi huɗa a kan kari, ka ba gwauruwa akuya kiwo. Rancen da ya ke nufi ba ruwa a kansa. Ba irin wanda ake ba da dami ɗaya da tsakar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, a karɓi biyu da kaka ba. Wannan ba kama hannu ba ne, tura mutum ne cikin rijiya.

A kan hali ya koyar da bin tsaka-tsaki, kada rowa, kada almubazzaranci, amma ya ware girman kai da fushi, ya ce waɗannan biyu a guje su nesa. Tuba ta gaskiya kuwa, ga yadda ya auna ta: mutum ya sāke samun kansa a wurin da ya yi zunubin, da ƙarfinsa, da damarsa, ba mai ganinsa, ya kuwa ƙi. Laifin da ka yi wa ɗan'uwanka, azumi da kuka ba su shafe shi, sai ka mayar da abin da ka ci, ka je ka roƙi gafara. Shi kuma wanda aka roƙa kada ya taurare.

Ya yi gāba da duba da tsafi iyakar ƙarfinsa. Malaman kudancin Faransa suka tambaye shi a kan duban taurari, ya amsa musu a 1194, ya ce ya karanta littattafan abin duka, wauta ce, ba ilimi ba. Har 'yar takardan nan ta bakin ƙofa, da ya ga waɗansu suna ƙara mata sunayen mala'iku don tsari, ya tsauta musu ƙwarai, ya ce sun mai da shaidar kaɗaitakar Allah laya don amfanin kansu. Ya hana a tofa ayoyi a kan rauni, ya ce maganar Allah maganin rai ce, ciwon jiki kuwa a kai wa likita. In ka kwance layu da guraye daga jikinka, sa'an nan ka sa Littafi ƙarƙashin matashin kai don ya kore maka mayu, laya ka sāke, ba hali ba.

Akwai wata wasiƙa tasa da na ke so ka riƙe. Wani mutum mai suna Obadiya, wanda ba haifaffen Bayahude ba ne, ya shiga addinin da girmansa. Ya rubuto yana tambaya, sa'ad da jama'a ke addu'a suna kiran Allah na kakanninsu, shi yana da iko ya faɗa tare da su, tun da kakanninsa ba su san wannan hanya ba? Musa ya ce ya faɗa duka, kada ya sāke ko kalma ɗaya, gama Ibrahim shi ne uban dukan wanda ya bar gumaka ya bi Allah ɗaya, kada kuwa ya rena asalinsa. Wani malami kuma ya taɓa zagin Obadiya, ya kira shi wawa, don ya ce Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne. Musa ya ce Obadiya ne da gaskiya, Musulmi suna kaɗaita Allah ba shakka, ba kuwa daidai ba ne a yi wa mutane ƙarya don suna gāba da kai. Ya ce malamin ya yi babban zunubi da ya ɓata zuciyar baƙo, mutumin da ya bar uba da dangi ya zo. Sai ya roƙe shi gafara. Kai da ka fito daga gidan da ake yanka wa iskoki, ana kuwa yi maka gorin asali, Manzo Bulus ya gaya wa Galatiyawa kusan wannan magana a kan 'ya'yan Ibrahim.

Ba na ce maka ka ɗauki kome nasa ba. Mutumin zamaninsa ne. Ya umarci miji ya girmama matarsa fiye da kansa, amma ya ce kada ta riƙa fita sai sau ɗaya ko biyu a wata, abin da ba zai yiwu ba inda mata ke ɗiban ruwa suna cirar auduga. Bakinsa yana da kaifi a kan waɗanda ya ga jahilai ne. Malaman Yahudawa ma sun yi gardama da shi, don bai faɗi inda ya ɗebo hukuncinsa ba, bayan mutuwarsa kuwa har aka ƙone waɗansu littattafansa a Faransa. Babban abin da ya raba mu da shi, bai karɓi Yesu a kan shi ne Almasihu ba, ya mutu yana jiran wani. Amma wannan bai ba ka iko ka rena jama'arsa ba. Ubangijinmu a cikinsu aka haife shi, ran kwana takwas aka yi masa kaciya, majami'a ya kan shiga ran Asabar. Masu kiran sunansa kuma sun zub da jinin Yahudawa da yawa: mayaƙan gicciye sun karkashe su a garuruwan Jamus a 1096, sarakunan Nasara na Sifen kuwa suka kore su ƙaf a 1492.

A 1199 wani malami a Faransa, Sama'ila ɗan Tibbon, wanda ke juya littafinsa zuwa Ibrananci, ya nemi zuwa ya gan shi. Musa ya rubuta masa ya ce kada ya sha wahalar teku, gama ba zai sami ko sa'a ɗaya tare da shi ba, ya kuwa bayyana masa yadda yininsa ya ke. Da sassafe ya kan hau dabba ya tafi fada a Alƙahira ya duba sarki, da 'ya'yansa, da matan gidan, da fādawa. Ba ya komowa Fustat sai bayan azahar, da yunwa kamar ya fāɗi, ya iske zaure cike da mutane, Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa, masoya da maƙiya. Ya kan sauka ya wanke hannu, ya roƙe su su yi masa haƙuri ya ɗan ci abinci, shi ke nan abincinsa na yini da kwana. Sa'an nan ya fito ya yi ta dubansu yana rubuta magani har dare ya yi nisa, a kishingiɗe don gajiya, har magana ta gagare shi. Ran Asabar kaɗai ya ke samun jama'arsa. Bayan addu'ar safe su kan taru wurinsa, ya shirya musu al'amuran mako, su yi karatu tare har tsakar rana, waɗansu su komo da la'asar. Game da Asabar ɗin ma ya riga ya rubuta cewa in rai yana cikin hatsari a karya ta nan da nan, manyan gari ne kuma za su yi da hannunsu, kada a tura yara, gama dokokin Attaura jinƙai ne da salama, ba ramuwa ba.

Ya rasu a Fustat cikin watan Disamba, 1204, yana da shekara 66. Ɗansa Ibrahim, wanda bai kai shekara 20 ba, shi ya gāji shugabancin jama'a. Aka ɗauki gawarsa zuwa Tibariya, a bakin tekun Galili, inda ake ziyartar kabarinsa har yanzu. Yahudawan Fustat suna da al'ada, takardar da ke da rubutun Ibrananci ba su yar da ita a juji, kada sunan Allah ya wulakanta. Su kan zuba ta cikin wani ɗaki a majami'ar Ben Ezra. A 1897 aka kwashe mafi yawan takardun ɗakin nan aka kai jami'ar Kambirij a Ingila. Cikinsu aka tsinci rubuce-rubuce na hannun Musa kansa, da wasiƙan nan da Dawuda ya aiko masa daga Aizab.